Guɗa a Kan Gawar Maƙiyi

A cikin watan Satumba na 2024 sojojin Nijeriya suka yi wa Halilu Sububu kwanton ɓauna a jihar Zamfara, suka kashe shi tare da wasu daga cikin yaransa. Labari irin wannan ba ya tsayawa neman izinin jami'an kan iyaka. Wayar salula ce ke ɗaukarsa, da hotunan gawa da komai, ta sauke a Madarumfa da Gidan Rumji, daga can ya nausa cikin ƙauyukan jahar Maraɗi inda mutane suka daɗe suna barci da ido ɗaya saboda 'yan bindigar daji. Duk wanda ya san abin da yankin nan ya gani ba zai yi mamakin kalmar da kan fi yawa a bakin jama'a a irin wannan rana ba, wato "Allah shi ƙara". Tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwararo cikin jahar, musamman gundumar Gidan Rumji, har sai da aka tsugunar da wasunsu a Cadakori da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. An kore shanu, an sace mata da magidanta, an sayar da gonakin gado don biyan kuɗin fansa. Makonni kaɗan kafin mutuwar Sububu, a cikin watan Agusta, Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, bayan duniya ta kalli bidiyonsa a ɗaure yana roƙon a cece shi. Sarautar Gobir kuwa ba baƙuwa ba ce ga mutumin Tsibiri ko na Sae Sabuwa, domin jini ɗaya ne, iyakar Turawa ce kawai ta ratsa tsakani.

A cikin wannan jama'a akwai 'yan tsirarun Kiristoci, Hausawa 'yan ƙasa, jikokin waɗanda suka karɓi bishara tun lokacin da mishan ɗin SIM ta kafa tasharta a Tsibiri a 1927, da waɗanda suka biyo baya ta asibitin kutare na Danja da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agiye, suka warwatsu cikin garuruwa har zuwa Gazawa. A ƙidayar 2012 Kiristocin Nijar gaba ɗaya ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Ɗan bindiga ba ya tambayar addinin mai saniya kafin ya kore ta, saboda haka abin da ya ci maƙwabcinsu Musulmi ya ci su. Sai dai su, bayan kowane labari irin na Sububu akwai Lahadi tana tafe, akwai lokacin ba da shaida a gaban ikilisiya, ga kuma gangar Zumuntar Mata a rataye. Abin tambaya a nan shi ne, ko ya kamata a shigo da murnar nan cikin majami'a, a buga ganga, a rangaɗa guɗa, a kira mutuwar ɗan Adam amsar addu'a?

Bai kamata ba, kuma lokaci ya yi da masu wa'azi za su faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba.

Amma a fara kawar da wani abu daga hanya. Matar da aka kashe mijinta a gona, ta ji cewa makashinsa ya faɗi, ta sauke ajiyar zuciya, ta yi barcin da ta shekara ba ta yi ba, wannan mata ba ta yi zunubi ba, malamin da zai tsaya a kanta da aya yana tsawata mata kuwa shi ne ya cancanci tsawa. Sanyin da rai ke ji idan bala'i ya ɗaga daga jiki yake fitowa, kamar saukar zazzaɓi, ba a yin shawara da shi. Haka ma godiya ga Allah cewa wataƙila hanyar kasuwa za ta buɗe, manomi ya isa gonarsa ta nesa. Abin da ake magana a kai daban ne: shagalin da aka shirya, hoton gawa da ake turawa daga waya zuwa waya ana ƙyaƙyata dariya, wa'azin da ke cewa "Allahnmu ya nuna musu", rawar da aka ajiye gawar mutum a tsakiyarta. Ajiyar zuciya faɗo wa mutum take yi. Shagali kuwa zaɓarsa ake yi, idan kuma an yi shi a gaban bagade, to ikilisiya ta sa masa hannu ke nan.

Masu goyon bayan guɗa ba su zo hannu rabbana ba, kuma rashin adalci ne a ce jahilci ke ɗawainiya da su. Za su buɗe littafin Fitowa sura 15, inda Musa da Isra'ilawa suka rera waƙa a bakin teku bayan rundunar Fir'auna ta nutse, Maryamu ta ɗauki bandiri mata suka bi ta da rawa. Za su kawo Karin Magana sura 11, wadda ta ambaci sowar da birni kan yi idan mugaye suka hallaka. Za su kawo Zabura ta 58 mai zafin harshe, su rufe da Wahayin Yahaya sura 19, inda sama ta cika da yabo saboda faɗuwar Babila. Ayoyin nan suna nan daram, babu mai goge su, wanda kuma ya yi kamar bai gan su ba, dattawan ƙauye da suka ƙoshi da karatun Littafi cikin Hausa za su kunyata shi nan take.

To, amma a karanta su da kyau. Ayar Karin Magana sura 11 labari take bayarwa na abin da birni kan yi, kamar yadda za a ce idan ruwa ya sauka kwaɗi kan yi kuka. Littafin nan guda, a sura 24, ya juyo ga mutum da umarni, ya hana shi murna idan maƙiyinsa ya faɗi, dalilin da ya bayar kuwa abin tsoro ne: Ubangiji zai gani, abin ba zai gamshe shi ba, har ya janye fushinsa daga kan maƙiyin. Wato mai guɗa na iya jawo wa kansa idon da ke kan wani. A Ezekiyel sura 33 Allah ya rantse da ransa cewa mutuwar mugu ba ta faranta masa rai, abin da yake so shi ne mugun ya juyo ya rayu. Mutumin da ke taka rawa a kan abin da Ubangijinsa ya rantse ba ya jin daɗinsa, da wa yake rawar? Ayuba ma, da yake lissafa laifuffukan da ya wanke hannunsa daga gare su a sura 31, ya jera murna da masifar maƙiyi a layi ɗaya da zina da zaluntar maraya. Waƙar bakin teku kuwa an rera ta ne a kan aikin da babu hannun Ba'isra'ile ko ɗaya a ciki, babu takobi, babu mashi, kuma ko malaman Yahudawa da suka gaji waƙar ba su sake jiki da ita gaba ɗaya ba: a cikin Talmud akwai labarin cewa mala'iku sun so su yi waƙa a lokacin, Allah ya kwaɓe su, domin waɗanda ke nutsewa ma aikin hannunsa ne. Yabon da ke cikin Wahayi na ranar ƙarshe ne, gaban alƙalin da ya san abin da ke cikin kowace zuciya. Harsashin soja a dajin Zamfara bai kai wannan matsayi ba, ko da ya sami wanda ya kamata ya samu.

Wanda ya fi kowa warware wannan magana shi ne Dawuda, domin shi ba a ɗakin karatu ya san maƙiyi ba. Sarki Saul ya shafe shekaru yana farautarsa cikin duwatsu kamar naman daji, ya jefe shi da mashi, ya ƙwace matarsa ya ba wani, ya sa aka karkashe firistoci 85 na garin Nob saboda ɗayansu ya ba Dawuda gurasa. Idan akwai mutumin da mutuwarsa ta cancanci guɗa a zangon Dawuda, to Saul ne. Da ya faɗi a dutsen Gilbowa, wani saurayi Ba'amaleke ya sheƙo da kambin sarauta da awarwaron hannunsa, yana tsammanin goron albishir. Dawuda ya kece tufafinsa, shi da mutanensa suka yi kuka da azumi har maraice, ya sa aka kashe mai kawo labarin saboda ya yi iƙirarin shi ya ƙarasa sarkin, sannan ya tsara waƙar makoki ya ce a koya wa mutanen Yahuza. Bai tsaya nan ba, sai da ya aika da godiya ga mutanen Yabesh-gileyad waɗanda suka ɗauko gawar suka binne. Wani zai ce ai Saul shafaffe ne na Ubangiji, hukuncinsa daban. To Abner fa, shugaban rundunar da ta yi ta yaƙar Dawuda? Bayan makararsa Dawuda ya bi yana kuka. Mutum biyu da suka kawo masa kan Ishboshet ɗan Saul suna neman lada, irin ladan Ba'amaleken suka samu. Abin lura shi ne Dawuda ya amfana da kowace ɗaya daga cikin mace-macen nan, ta kansu sarauta ta iso hannunsa, kuma ya karɓe ta. Gangar ce ya hana.

Wannan duk Tsohon Alkawari ne, inda ake da sarki da runduna. A Sabon Alkawari maganar ta ƙara tsauri. Da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi saukar Yesu, Yakubu da Yahaya suka nemi izinin kiran wuta daga sama, ya juya ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye. Umarnin ƙaunar maƙiyi da yi masa addu'a yana cikin Matiyu sura 5, kowane yaron makarantar Lahadi ya haddace shi, a kan gicciye kuma mai umarnin ya roƙa wa masu kashe shi gafara. Ikilisiyar Urushalima ma ta yi nata ɗan ta'adda. Shawulu mutumin Tarsus ne ya tsare tufafin waɗanda suka jajjefe Istifanas, shi ne ya riƙa bin gida-gida yana jan maza da mata zuwa kurkuku. Da ajali ya cim masa kwana ɗaya kafin haske ya buge shi a hanyar Dimashƙu, da gwaurayen da ya mayar gwauraye sun sami dalilin guɗa wanda babu mai iya musantawa. Da kuma babu Bulus, babu wasiƙa zuwa ga Romawa, wadda a surarta ta 12 ta hana ramuwa ta ce a ciyar da maƙiyi idan yunwa ta kama shi. Ikilisiyoyin ƙasar Maraɗi, irin su EERN wadda ke ɗauke da kalmar bishara cikin sunanta, suna koyar da cewa bayan mutuwa babu sauran tuba. Wanda ya gaskata haka, ya kuma yi rawa ranar da mugu ya mutu cikin muguntarsa, rawar rufewar ƙofa yake yi, ƙofar da aka aiko shi ya riƙa nuna wa mutane. Ba a taɓa jin likita ya buga ganga don majinyacin da ya ƙi shan magani ya cika ba.

Ga wanda ayoyi ba su ishe shi ba, akwai tarihin da ya faru a gaban idon kowa. Ranar 30 ga Yuli 2009 sojoji suka kama Muhammad Yusuf da ransa a Maiduguri, suka miƙa shi ga 'yan sanda, cikin 'yan sa'o'i aka nuna gawarsa da ramukan harsashi. A kwanakin da suka gabata mabiyansa sun ƙona majami'u sun kashe fastoci, don haka Kiristoci na da dalilin jin zafi fiye da kowa. An yi murna sosai, har ministar watsa labarai ta lokacin, Dora Akunyili, ta bayyana mutuwar a matsayin alheri ga ƙasa. Mai murna ba ya tambaya, shi ya sa kaɗan ne suka ɗaga murya cewa an kashe fursuna ba tare da shari'a ba, cewa sunayen masu ɗaure masa gindi sun bi shi kabari. Surukinsa Baba Fugu, dattijon da ya kai kansa ofishin 'yan sanda, shi ma bai fito da rai ba, sai a 2010 kotu ta ba da umarnin a biya iyalinsa diyyar naira miliyan 100. Hotunan kashe-kashen nan su suka zama kayan wa'azin wanda ya gaje shi. A Satumba 2010 aka fasa gidan yarin Bauci, ranar Kirsimeti ta 2011 bam ya tashi a majami'ar Madalla, a Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga Cibok, ranar 6 ga Fabrairu 2015 wutar ta ƙetaro Boso da Difa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Shi kansa Abubakar Shekau, sau da dama aka yi shelar mutuwarsa, kowane karo murna ta koma ciki idan ya ɓullo cikin sabon bidiyo yana dariya. Da mutuwar gaske ta zo a watan Mayu 2021 a dajin Sambisa, ba sojan Nijeriya ko na Nijar ne ya rutsa da shi ba. Mayaƙan ISWAP ne, ɓangaren da ya ɓalle daga gare shi, ɓangaren da ya sace Leah Sharibu a Dapci a Fabrairu 2018 ya kuma ƙi sakinta saboda ta ƙi barin addininta. Kiristan da ya yi rawa a makon nan, nasarar masu riƙe da Leah ya yi wa rawa, ko ya sani ko bai sani ba. Da aka cika shekara goma da Cibok a 2024, fiye da 'yan mata 80 ba su dawo ba. A gefen 'yan bindigar daji ma haka zancen yake: a Maris 2018 aka kashe Buharin Daji ta hannun Dogo Giɗe, aka ce Zamfara ta huta, shekarar da ta biyo baya ce 'yan gudun hijira suka cika Gidan Rumji. Wannan ba ya nufin cewa da mutuwar ta kawo zaman lafiya da guɗar ta halatta. Yana nuna dai cewa mai guɗa kan rufe ido daga yadda aka yi kisan, da wanda ya yi shi, da abin da ke tafe.

Akwai wani haɗari da ya fi kusa da gida. Kalmar "maƙiyi" yaɗo gare ta kamar kabewa, inda aka shuka ta daban, inda take zuba 'ya'ya daban. Yau Sububu ne, mutum ɗaya mai suna da laifin da aka sani. Gobe sai a ji an ce "su", wato duk mai sanda da malfa da ya shigo kasuwa. A ƙetaren iyaka an ga yadda 'yan sa-kai suka riƙa kashe Fulani a kasuwanni da sunan ramuwa, aka kuma ga ramuwar ramuwar a kan ƙauyukan da ba su ji ba su gani ba. Jahar Maraɗi ba ta buƙatar aron misali daga waje: a Toda, cikin Oktoba 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ƙare da kisan Fulani fiye da 100, galibinsu mata da yara. Waɗanda suka yi aikin nan ba aljanu ba ne, manoma ne da suka tabbata a ransu cewa maƙiyi suke kawarwa.

Ƙasar nan ma ta san ɗaya gefen guɗa tun kafin zuwan Nasara. A 1808 Sarkin Gobir Yunfa ya faɗi a Alƙalawa. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rinjaye, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka kwanta a fagen fama. Abin da aka yi wa tambari a can, zaman makoki aka yi masa a nan, daga cikin tokar wannan kaye kuma aka kafa Tsibiri, hare-hare suka ci gaba tsakanin ɓangarorin biyu shekaru masu yawa. Bagobiri ko Bakatsinen Maraɗi, kowane addini yake bi, jikan mutanen da aka taɓa yi wa gawarsu murna ne.

Kiristan Nijar kuwa ya fi kowa sanin cewa shi ma maƙiyin wani ne. A Nuwamba 2000, saboda bikin nunin tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai, masu zanga-zanga a Maraɗi suka afka wa majami'a da harabar mishan, da mashaya, da gidajen matan da ke zaman kansu. Ranar 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, washegari kuma a Yamai, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a birnin Faris, mutum 10 suka mutu, 'yan sanda suka ƙirga majami'u 45 da aka ƙona a Yamai kaɗai. A Yuni 2019 aka cinna wa majami'ar Assemblées de Dieu ta unguwar Zariya a Maraɗi wuta bayan an kama wani limami. A kowane karo wanda ake fushi da shi yana can nesa, wutar kuma ta sauka a kan maƙwabci, samarin da suka riƙe ashana kuwa da sowa suka yi aikinsu, suna ganin maƙiyin Allah suka kayar. Ikilisiyar da ta ɗanɗani wannan sowa daga ƙasa, ta yaya za ta are ta?

A nan ne ainihin abin da ke kan faifai yake. Bayan gobarar 2015 shugabannin ikilisiyoyin Nijar, na Katolika da na bishara, suka fito suka ce sun yafe, ba a kuma rama ba. Musulmi da yawa sun girmama wannan, wasunsu ma su ne suka ɓoye Kiristoci a gidajensu ranar tashin hankalin. Amma akwai masu taɓe baki da ke cewa haƙurin dole ne, wanda bai kai kashi 1 cikin 100 ba in bai yafe ba me zai yi? Wannan zargi ba shi da amsa a ranar toka, domin a ranar toka mai rauni ba shi da wani zaɓi, yafiyar gaske da yafiyar tsoro kamanninsu ɗaya. Rana guda ce tak ake iya bambance su, ita ce ranar da maƙiyi ke ƙasa, ranar da babu abin tsoro. Idan a ranar nan ganga ta fito, to masu taɓe baki sun yi gaskiya: ƙiyayyar tana nan, ƙarfi ne kawai babu. Duk maƙwabcin da ya jiyo guɗa daga majami'a saboda mutuwar wani zai lissafa a ransa abin da mutanen nan za su yi da a ce su ne masu rinjaye, kuma babu wanda zai ga laifin lissafinsa. Shekaru masu yawa na wanke gyambon kutare a Danja, da jinya a Galmi, da rijiyoyi, da makarantu, da farfaɗo da itatuwan gona da aka soma a Maraɗi a 1983, duk jarinsu ɗaya ne, wato yardar da aka yi cewa mutanen nan ba sa nufin kowa da sharri. Ganga ɗaya ta isa ta taɓa wannan jari.

Ba daga Tsibiri ko Agiye wannan ɗabi'a ta taso ba, shigo da ita ake yi. Daga kudancin Nijeriya wani salon addu'a ya yaɗu, wanda majami'ar Mountain of Fire da Daniel Olukoya ya kafa a Legas a 1989 ta fi shahara da shi, inda ake roƙon maƙiyi ya faɗi ya mutu, wuta ta cinye shi. Masu kāre salon kan ce ruhohi ake nufi. Ko da an karɓi wannan uzuri a Legas, faifan bidiyo da wayar salula ba sa zuwa ƙauye da sharhi, a ƙauye kuwa maƙiyi fuska gare shi: kishiya ce, ɗan'uwa ne da ake jayayyar iyakar gona da shi, tsohuwa ce da ake raɗe-raɗin maita a kanta. Ranar da tsohuwar ta mutu bayan an kwana ana irin wannan addu'a, wani kuma ya miƙe ya ba da shaida, ikilisiya ta tafa, to bokanci ne ya dawo ta ƙofar baya sanye da rigar fasto. Abin kunya ne a ce al'adar kakanni ta fi wannan kamun kai. Bahaushe ya ce mutuwa rigar kowa, shi ya sa ko wanda aka shekara ba a magana da shi, ranar rasuwarsa ana cire takalmi a zauna a yi gaisuwa. A cikin Sahihul Buhari an ruwaito cewa Annabi Muhammadu ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, domin rai ne. Da aka kashe Usama bin Laden ranar 2 ga Mayu 2011, jama'a suka yi ta tsalle a gaban fadar shugaban Amurka, kakakin fadar Fafaroma, Federico Lombardi, ya fitar da sanarwa a ranar cewa Kirista ba ya murna da mutuwar mutum, alhali bai ɓoye girman laifin mamacin ba.

Saura masu cewa wannan magana tana karya gwiwar soja. Ba ta karya ba. Romawa sura 13 ta amince wa hukuma da takobi don hukunta mai mugunta, sojan da ya tsaya tsakanin ƙauye da ɗan bindiga kuma ya cancanci addu'a da godiya, iyalin wanda ya faɗi sun cancanci a ɗauki nauyinsu. Amma alƙalin da ya yanke hukuncin kisa ba ya saukowa daga kujera ya taka rawa, in ya yi haka kowa zai yi shakkar hukuncinsa. Jama'ar da ta saba da guɗa a kan gawa, sannu a hankali takan daina bambance sojan da ya yi artabu da ɗan sandan da ya harbe fursuna a bayan ofis, tsiraru kuwa su ne na farko da ke shan wahala a ƙasar da aka daina wannan bambanci.

Nauyin ya faɗa a kan faston ƙauye, wanda a ranar Lahadin nan zai tsaya gaban mutanen da ya binne wa 'ya'ya, ya ce a bar gangar a rataye. Ba aiki ne mai sauƙi ba, wasu za su ce ya fi tausayin ɗan bindiga a kan nasa, wataƙila wasu su koma majami'ar da ake kiran wuta. Yana da abin da zai cika sujadar da shi. A kira sunayen waɗanda aka kashe ɗaya bayan ɗaya, a gode wa Allah don waɗanda suka tsira, a yi addu'a domin sojoji, baikon ranar ya tafi ga gwauraye da baƙin da ke Cadakori. A ambaci matan mamacin da 'ya'yansa, da samarin da ya bari a daji da bindiga a kafaɗa, waɗanda ƙofarsu ba ta rufe ba tukuna; wanda harshensa ya kasa furta wannan, a bar shi ya yi shiru, kada a tilasta masa. A kan gaba kuma a sa waɗanda ke ɗaure a sansanonin daji a wannan sa'a, domin ranar da aka nuna gawar Sububu masu riƙe da su ba su rage ko dala ɗaya daga kuɗin fansa ba.